Shinkafar azumi da ruwan kwata: mene ne haƙƙin unguwa a kan kamfani?

"Assalamu alaikum. Ina da kamfanin sarrafa shinkafa a gefen Rigachikun, kan hanyar Zariya, da ma'aikata kimanin 40. Na je banki neman rance domin in ƙara inji, sai suka miƙo mini takarda cike da tambayoyi a kan muhalli da ma'aikata da wani abu da suka kira CSR. Ana cikin haka kuma maƙwabta suka kai ƙarata wajen mai unguwa a kan hayaƙi da warin ruwan da muke zubarwa. Ni kuwa ina fitar da zakka duk shekara, ina raba shinkafa da azumi, ni na gyara rufin masallacin unguwar. Shin wannan bai isa ba? Me kuma ake so in yi, alhali kasuwar ma da kyar take tafiya?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya karɓi zakka da sadaka, ya ƙara buɗi. Idan na fahimce ka, abin da ke damunka shi ne mutum yana alheri iya ƙarfinsa, amma banki da maƙwabta suna nuna kamar da sauran bashi a kansa. Aikina duba ƙananan masana'antu da matsakaita ne a Kaduna da kewaye, ta fuskar muhalli da lafiyar ma'aikata, kuma da wuya in zauna da mai kamfani bai yi mini irin wannan tambaya ba.

Abin da kake yi yana da kyau, kada ka daina. Sai dai ba shi ake tambayarka ba. Zakka da rabon shinkafa sun shafi yadda kake kashe riba bayan ta shigo hannu. Takardar banki da ƙarar maƙwabta kuwa sun shafi hanyar da ribar take bi kafin ta shigo. Duk buhun da ya fita daga kamfaninka akwai kuɗin da ka biya a kansa: shanshera, wuta, man dizal, albashi. Akwai kuma kuɗin da wasu suka biya ba da saninka ba. Matar da ta sake wanki saboda toka ta sauka a kan shanyarta ta biya da sabulu da ƙarfinta. Uban da ya sayi maganin tari ya biya. Mai gidan da rijiyarsa ta fara wari ya koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa, shi ma ya biya. Wannan kuɗi bai shiga littafinka ba, amma an kashe shi, kuma su suna lissafinsa. Alhakin kamfani ga al'umma, wato CSR ɗin da bankin ya ambata, yana farawa ne daga dawo da wannan lissafi cikin littafin kamfani.

Abin da doka ta tilasta da abin da ba ta tilasta ba

Muhawarar ta daɗe. A 1970 masanin tattalin arziki ɗan Amurka Milton Friedman ya rubuta cewa alhakin kamfani shi ne ya ƙara riba, muddin bai karya doka ba kuma bai yi yaudara ba. Daga baya ra'ayin ya karkata, har a 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da ƙa'idoji 9, da suka zama 10 a 2004, waɗanda kamfanoni suke sa hannu a kai don raɗin kansu, a kan haƙƙin ɗan Adam da na ma'aikata da muhalli da yaƙi da cin hanci. Indiya ta wuce nan, domin dokarta ta 2013 ta tilasta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a ayyukan al'umma.

A Najeriya babu doka ta bai ɗaya da ta ce kowane kamfani ya ware kaso kaza don unguwa. Akwai ta a wasu fannoni. Dokar man fetur ta 2021 ta sa kamfanonin haƙo mai su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu na shekarar da ta gabata a asusun al'ummomin da suke aiki a cikinsu. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce sai mai haƙar ma'adinai ya ƙulla yarjejeniya da mutanen wurin kafin ya fara. Kai ba ka cikin waɗannan, don haka gina aji ko haƙa rijiyar burtsatse ganin damarka ne. Amma hana cutar da maƙwabta ba ganin dama ba ne. Tun bayan da aka jibge sharar guba a garin Koko, da ke jihar Delta ta yanzu, a 1988 ƙasar ta fara ɗaukar lamarin da gaske: dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta zo a 1992, NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, a 2007, a nan jiha kuma akwai KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, wadda ƙarar maƙwabtanka za ta iya kaiwa gare ta idan mai unguwa ya gaza.

Bankin ma ba neman wahalar da kai yake ba. Tun 2012 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su riƙa duba haɗarin muhalli da na zamantakewa kafin su ba da rance, kuma noma yana cikin fannonin da aka yi wa ƙa'ida ta musamman. Dalilinsu na kuɗi ne tsantsa. Kamfanin da hukuma za ta iya garƙamewa, ko matasan unguwa su tare masa ƙofa, ko boila ta fashe a cikinsa, kamfani ne da zai iya kasa biyan bashi.

Tunda da zakka ka fara, bari in tsaya a nan kaɗan. Zakka haƙƙin Allah ce a dukiyarka, kashi 2.5 cikin 100 na kayan kasuwanci, kuma Alƙur'ani ya ƙayyade masu cin ta. Ba ta zama diyyar cutar da aka yi wa maƙwabci. Addinin da ya wajabta ta shi ne ya ce babu cuta babu cutarwa, shi ya ce a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, shi ya saukar da sura guda a kan masu tauye mudu. Waɗannan uku, maƙwabci da ma'aikaci da wanda kake awo da shi, su ne kusan duk abin da takardar bankin take tambaya. Hukuncin fiƙihu na malamai ne, ka tambaye su, amma ban taɓa jin malamin da ya ce sadaka tana halatta cutar da maƙwabci ba.

Abin da Kakuri ta gani

Mu a Kaduna ba sai an kawo mana misali daga waje ba. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna, masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, sannan Arewa Textiles da sauransu, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa a ƙasar nan. Dubban gidaje a Kakuri da Makera da Nasarawa da Tudun Wada da albashin masaƙu suka rayu, manoman auduga daga Funtuwa zuwa Gusau da su suka dogara, UNTL har ƙungiyar ƙwallon ƙafa gare ta. A lokaci guda ruwan rini da sauran dattin masana'antun yankin yana bin magudanan Kakuri da Makera ya faɗa kogin Kaduna, inda masunta da masu lambu suke neman abinci. Da fasa-ƙwauri da tsadar wuta da baƙin mai da tsufan injuna suka taru, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, tsofaffin ma'aikata da yawa suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, wasu har suka rasu ba su karɓa ba.

Abu biyu nake so ka ɗauka daga nan. Babban alherin da kamfani zai yi wa gari shi ne ya rayu ya ci gaba da biyan albashi, don haka ba zan ba ka shawarar da za ta durƙusar da kai ba. Na biyu, haƙƙin ma'aikaci da aka ce "za a biya daga baya" shi ne abu na farko da yake salwanta ranar da kasuwa ta juya. Shi ya sa nake son ka fara daga cikin gida.

Mutane 40 da suke ƙarƙashinka

Da wannan adadi dokoki da dama sun hau kanka. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, kuma kamfanin da ke da ma'aikata 25 zuwa sama yana ciki, ga ma'aikatansa na cikakken lokaci. Dokar fansho ta 2014 ta shafi mai ma'aikata 15 zuwa sama: kai ka sa kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya sa kashi 8, ga kuma inshorar rai ta rukuni. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a biya kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi ga NSITF, hukumar gwamnati mai kula da asusun diyyar ma'aikata, domin ranar da inji ya cinye wa wani hannu a samu inda za a biya shi. Yadda za a lissafa 'yan dako da masu aikin yini aikin lauya ne ko akanta, ka zauna da ɗaya daga cikinsu da takardar albashinka a hannu.

Wasu abubuwan kuma ba su da tsada ko kaɗan. A kusan duk injin casa da na shiga, nakan tarar an cire murfin bel an jingine shi a bango, saboda makaniki ya gaji da kwancewa da ɗaurawa. Ga ma'aikaci da doguwar riga yana sharar tsaki a gefen bel ɗin da ke gudu. Mayar da murfin nan aikin rabin awa ne, kuma idan ya ɓace, a Panteka za a ƙera maka wani. Ƙurar shinkafa tana shiga huhu, don haka takunkumi mai tace ƙura ake buƙata, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙananan. Idan sai mutum ya ɗaga murya sosai kafin wanda yake kusa da shi ya ji, ƙarar ta kai inda take cin kunne a hankali, a raba abin toshe kunne. Boila kuwa a sa wanda ya san aikinta ya riƙa duba ta a kai a kai, kada a taɓa ɗaure bawul ɗinta na kariya don yana fitar da tururi.

Sai yara. Dokar ƙwadago ta hana ɗan ƙasa da shekara 15 aiki a masana'anta, ta hana ɗan ƙasa da 16 aikin inji. Na san yadda abin yake faruwa: almajirai suna zuwa shara ko shanya don su samu na abinci, mai kamfani yana ganin taimako yake yi. Idan kana son taimaka musu, ka aika abincin makarantarsu, ka hana su shiga inda inji yake.

Ɓuntu, hayaƙi da ruwan jiƙo

A nan ƙarar maƙwabtanka take, a nan kuma nake ganin za ka fi samun sauƙi, domin gyaran da yawansa yana dawo da kuɗinsa.

Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera ɓuntu ne. Wanda yake casar tan 10 a rana yana tara tan 2 na ɓuntu kullum. Yawancin kamfanoni suna jibge shi a bayan katanga su cinna masa wuta, kuma tulin ɓuntu ba ya ci da harshe, cin ciki yake yi kwana da kwanaki saboda iska ba ta shiga, yana fitar da farin hayaƙi mai yaji da yake kwanciya a unguwa da dare, musamman da hunturu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sau da yawa kamfanin da yake ƙona ɓuntu a banza shi ne yake sayen itace mota-mota don turara shinkafa. Ɓuntu makamashi ne, zafin da ke cikin kilo 3 nasa ya kusa na lita 1 ta man dizal. Murhun da aka gina domin ɓuntu, mai matattakalar ƙarfe da fanka mai hura iska, yana cinye shi da ɗan hayaƙi kaɗan, ya ba ka tururin da kake buƙata. Ka rage kuɗin itace, ka rage saran dazuzzukan da itacen yake fitowa, ka kashe wutar bayan katanga. Abin da ya yi saura masu kiwon kaji suna sayensa don shimfiɗa, kuma gidajen kaji ba su da wuya a kan hanyar Zariya da ta Abuja. Dusa dama tana da kasuwarta wajen masu haɗa abincin dabbobi.

Ɓuntu yana barin toka mai yawa, wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, mara nauyi, iska tana ɗaukarta. Don haka murhun yana buƙatar tarkon toka kafin bututun hayaƙi, irin mazurarin ƙarfen nan da iska take juyawa a ciki toka ta faɗo ƙasa, bututun kuma ya ɗara rufin gidajen kusa sosai. Tokar da aka tara a yayyafa mata ruwa a rufe, a ba manoma su kai gona.

Ruwan ya fi wuya. Lokacin da ake jiƙa shanshera, sitaci da sauran abubuwan da ke jikin ƙwayar suna narkewa cikin ruwan. Idan aka sake shi ya kwanta a kwata, ƙwayoyin halitta suna cin wannan abinci su shanye iskar da ke cikin ruwan, daga nan sai ruɓa da wari, sai sauro. Mataki na farko a wajen jiƙon yake. Jiƙo da ruwan sanyi na kwanaki yana sa shinkafar ta fara tsami tun a tanki, shi ne ma yake ba wasu shinkafar gida warin da masu saye suke gudu. Jiƙo da ruwan zafi, wajen digiri 60 zuwa 70 na 'yan awoyi, yana rage warin sosai, yana kuma gyara shinkafar kanta. Tunda murhun ɓuntu zai ba ka zafi kusan kyauta, gyara ɗaya yana taimakon ɗaya.

Mataki na biyu, kada ruwan ya fita kai tsaye. A gina ramuka a jere, a shafe su da siminti don kada su tsiyaya ƙasa. Na farko da raga a bakinsa mai tare ɓuntu da shara, na biyu inda laka za ta kwanta a riƙa kwashewa, na uku mai faɗi mara zurfi inda rana da iska za su yi aiki, idan da hali a sa ɗan famfo mai watsa ruwan sama. A nisanta su da rijiyoyin mutane, aƙalla mita 30 kamar yadda ake shawarta wa masai. Wannan tsari yana rage wari da datti ƙwarai. Ko zai kai ma'aunin da hukuma take nema, gwaji ne kaɗai zai nuna, kuma girman ramukan ya dogara da yawan ruwan da kake zubarwa a rana da irin ƙasar wurin. Ban ga kamfaninka ba, don haka kada ka sa birkila ya fara haƙa da wannan bayani kawai. Ka sa a auna ruwan da ke fita a rana, a ɗebi samfurinsa da na rijiyoyin gidajen da suka fi kusa a kai ɗakin gwaji. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando duk suna kusa da kai, kuma suna da masana wannan fanni.

Manoman da kake saye a wajensu

Wannan ba ya cikin ƙarar, amma yana cikin takardar banki, kuma a nan ɗorewar kasuwancinka take. Inji ba ya aiki sai da shanshera. Manomin da aka saya wa da buhun da aka ɗinka wa ƙari a baki, ko aka ce shinkafarsa da laima aka zaftare farashi da ido kawai, ko aka karɓi kayansa aka ce ya dawo bayan sati uku, baɗi wani zai kai wa, ko ya koma masara. Ka saya da sikeli, a kan kilo, manomi yana kallon allon. Ka sayi na'urar auna laima, ƙarama ce ta hannu, ka sanar cewa kashi 14 cikin 100 shi ne ma'auni, abin da ya haura ga yadda za a rage. Ka ba da rasit, ka biya ranar da ka ce. Idan ƙarfi ya zo, ka ba wasu ƙungiyoyin manoma iri mai kyau iri ɗaya a kan za ka saya, domin shanshera mai gauraye ita take kawo yawan tsaki. Manoman Igabi da Giwa da Birnin Gwari sun sha wahalar rashin tsaro, wanda ya iya nomawa ya kawo kaya bai kamata ya sake haɗuwa da wata asara a bakin sikeli ba.

Zama da unguwa

Kada ka jira a kira ka. Ka je wajen mai unguwa da ƙafarka, ka ce ka ji ƙorafin, kana son a zauna. Kada ka tafi da buhun shinkafa ranar, domin za a ɗauka toshiyar baki ce, kuma maganar za ta mutu a zaure ta ci gaba da ruruwa a cikin gidaje.

Wanda ya halarci zaman shi ne rabin aikin. Na taɓa zama irin wannan a wata unguwa a wajen gari, dattawa suka yi ta godiya ga mai kamfani, babu wanda ya ambaci hayaƙi, saboda kunya da kuma alherin da yake yi musu. Da muka nemi wata malamar Islamiyya ta tara matan gidajen da ke bayan katanga, sai wata dattijuwa ta shiga ɗaki ta fito da faranti na garin tuwo da ta shanya da safe, samansa ya yi furfura da toka, ta ajiye a gabanmu. Wata ta ce ta daina shanya kayan jariri a waje. Su suke gida lokacin da hayaƙin yake sauka, su suka san awa nawa yake yi da kuma ranakun da ya fi tsanani, kuma bayaninsu ne ya nuna mana cewa tulin bayan katanga ne matsalar fiye da bututun boila. Don haka a ji mata daban, a ji matasa, a ji limamai, idan akwai coci a kusa a gayyaci fasto. Kaduna ce, kowa ya san abin da ake gudu idan wani ɓangare ya ga kamar an ware shi, kuma haka yake wajen ɗaukar aiki.

A zaman, ka faɗi abin da za ka yi da lokacin da za ka yi shi, ka faɗi wanda ba za ka iya ba yanzu. Kashe wutar ɓuntu da hana tireloli shiga lungu lokacin da yara suke tafiya makaranta abu ne na wannan satin. Murhu da ramuka na watanni ne. A rubuta, mai unguwa ya riƙe kwafi. Ka naɗa mutum ɗaya a kamfani wanda za a riƙa kai wa ƙorafi, da littafi da ake rubuta ranar da aka kawo da abin da aka yi. Abin da nake gargaɗinka a kai shi ne ba wani shugaban matasa kuɗin wata don ya kwantar da mutane. Ranar da ka daina biya shi zai jagoranci tare ƙofa, kuma kafin nan wasu uku sun taso suna neman nasu.

Bayan an tsayar da cuta, sai a zo maganar kyauta, kuma a nan ma gara a tambayi mutane. Rijiyar burtsatse ita kowa yake fara tunani, aikin lada ne babba, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa mutanen Madina. Amma ka zaga unguwannin Kaduna ka ƙirga tankunan da aka rubuta sunan mai bayarwa a jiki, famfon ya bushe saboda injin ya ƙone babu mai gyara. Idan za ka haƙa, a gwada ruwan, a sa sola, a kafa kwamitin da zai riƙa karɓar ɗan abin gyara, ka ware kuɗin kula da ita na shekaru. Ni dai na fi son abin da ya haɗu da sana'arka: ka ɗauki samarin unguwa su koyi aikin inji da walda da lantarki a wajen makanikanka, ka sayar wa matan da ke kiwo dusa a farashin kamfani, ka gyara kwalbatin da motocinka suka karya. Irin wannan ba ya tsayawa don shekara ta yi tsanani, saboda kai ma kana amfana. Iyakarsa kuma a bayyane take: kai ba ƙaramar hukuma ba ne, titi da asibiti da makaranta aikin gwamnati ne, kada ka yi alkawarin abin da zai fi ƙarfinka.

Kuɗin, da takardar da ke hannunka

Na ji maganarka cewa kasuwa da kyar take. Wuta ta yi tsada tun ƙarin 2024, man dizal haka, ga shinkafar waje da aka sassauta wa haraji a shekarar. Shi ya sa nake cewa a jera aikin bisa nauyi. Abin da zai iya kashe mutum ko ya nakasa shi, wato bel da boila da wayoyin wuta, shi ne farko. Sai abin da yake cutar da maƙwabta kullum. Sai haƙƙoƙin doka, waɗanda idan sun taru za ka iya zuwa hukumomin ku tsara biya kashi-kashi. Idan har kuɗi bai isa duka ba, ni a ganina gara a rage rabon azumin bana a gina ramukan, zakka kuwa tana nan a matsayinta ba a taɓa ta. Ka kuma sa kuɗin murhun ɓuntu da ramukan cikin rancen da kake nema, domin ƙarin inji yana nufin ƙarin ɓuntu da ƙarin ruwa, kuma faɗaɗa masana'anta yana iya buƙatar izinin muhalli, ka tambayi KEPA kafin ka zuba kankare.

Takardar bankin kuma ka cike ta da gaskiya. Akwai masu rubuta wa kamfanoni doguwar manufa mai ado da Turanci su karɓi kuɗi, jami'in banki ya zo duba wuri ya tarar da tulin ɓuntu yana hayaƙi, daga nan ya daina yarda da sauran abin da ka rubuta, har da lissafin kuɗinka. Shafi biyu sun isa. Inda aka tambayi ruwa, ka rubuta cewa a yanzu yana fita ba a tace ba, an kai samfuri gwaji ranar kaza, za a gina ramuka kafin wata kaza a kan naira kaza. Inda aka tambayi ma'aikata, ka rubuta adadinsu, maza da mata, na dindindin da na yini, da matsayinka a fansho da NSITF. Inda aka tambayi al'umma, ka haɗa kwafin takardar zaman da kuka yi da mai unguwa, ka ambaci rabon azumi da rufin masallaci a ƙarƙashinta. Idan sakamakon gwajin ruwan ya fito, ka turo mini shi tare da yawan tan da kake casa a rana da faɗin filin da ke bayan kamfanin, sai mu duba girman ramukan da zai dace da kai.